Daga Arewa zuwa Jidda: kilomita 4,000, amma awa nawa?

Kowace shekara dubban ƴan Nijar suna tashi daga Yamai zuwa ƙasa mai tsarki, wasu don sauke farali, wasu don umara, wasu kuma don fatauci. A cikinsu akwai mutanen Dogondutsi da Matankari da Tibiri da Kore Mairuwa da sauran garuruwan Arewa. Tambayar da kowa ke yi kamin tashi ita ce: awa nawa ake yi a sama? Amsarta ba ta da wuya, sai dai wanda ya tsaya gare ta kaɗai ya yi lissafin dokin rano. Ga ma'aikacin da aka ba hutun kwanaki ƙidayayyu, da ɗan kasuwar da ya rufe shago ya ɗauki jarinsa, lokacin tafiya yana farawa tun daga ƙofar gida, kuma abubuwa da yawa ne ke ƙara shi ko su rage shi.

Nisan da ke bisa taswira

Idan aka miƙa zare bisa ƙwallon duniya daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, za a samu kilomita 4,000 da ɗan ɗoriya. Zuwa Madina kuwa kimanin kilomita 4,100 ne. Wannan zare shi ne hanya mafi gajarta tsakanin biranen biyu. Yana ratsa arewacin gundumar Dogondutsi, ya bi ta kudancin Tawa, ya wuce ta arewacin Tanut, ya ratsa ƙasar Cadi ta kusa da Faya, sa'an nan ya ƙetare arewacin Sudan, ya tsallake kogin Nilu da Bahar Maliya, ya faɗa Jidda.

Manyan jiragen fasinja na wannan zamani suna tafiya a tsawon kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Wanda ya raba 4,000 da 850 zai samu awa 5 ba kaɗan. Amma jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya gama hawa, kuma tun da sauran tazara yake fara rage gudu don sauka. Ga kuma ƴan mintocin da yake yi yana jan ciki bisa kwalta kamin a ba shi izinin tashi. Dalili ke nan da ya sa tafiyar kai tsaye daga Yamai zuwa Jidda takan kama awa 5 zuwa 5 da rabi, muddin hanya a buɗe take.

Wani abin lura shi ne, ba kowa ke auna nisa da kilomita ba. Ingilishi da Amurkawa suna amfani da mil, wanda ya ɗara kilomita ɗaya da rabi da kaɗan, wato mita 1,609. Matuƙan jirgi kuma suna da nasu mil na teku, mai mita 1,852. Saboda haka idan mutum ya ga an rubuta 2,490 a wata takarda, a wata kuma 2,160, kada ya zaci an sami wata gajeriyar hanya. Duk kilomita 4,000 ɗin nan ne aka sake ma ma'auni.

Akwai kuma wani abin mamaki da taswira ke nunawa. Birane huɗu da ƴan Nijar suka fi yawan ambato idan ana zancen tafiya mai nisa, wato Jidda da Faris da Santambul da Adis Ababa, kusan nisansu ɗaya ne daga Yamai. Faris tana kilomita 3,950, sauran ukun kuwa kowanne 4,000 da ƴan kai. Duk da haka lokacin da ake ɓatawa kamin a isa kowannensu ya sha bamban, kuma a nan ne darasin yake.

Agogo biyu bisa tikiti ɗaya

Kuskuren farko da matafiya ke yi yana wajen karanta tikiti. Kamfanonin jirage suna rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Saudiya tana gaban Nijar da awa 2. Idan jirgi ya tashi daga Yamai da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 5 da rabi, zai sauka Jidda da ƙarfe 3 da rabi a agogon Nijar, amma tikiti zai nuna ƙarfe 5 da rabi na asuba. Mai kallon takarda sai ya ce awa 7 da rabi ce. A dawowa kuwa lamarin juyawa yake yi: jirgin da ya bar Jidda da ƙarfe 12 na rana zai iso Yamai da ƙarfe 3 da rabi na yamma, kamar dai awa 3 da rabi kawai ya yi. Iyalin da za su tari alhaji su riƙe cewa lokacin saukar da aka rubuta na agogon gida ne, ba sai sun ƙara ko sun rage kome ba.

Tafiyar Faris ba ta da wannan ruɗani sosai, domin birnin yana arewa sak da Yamai. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da nasu ɗaya ne, a sauran watanni suna gabanmu da awa 1. Dubai tana gabanmu da awa 3, Gwanzu ta ƙasar Sin kuwa, mai nisan kusan kilomita 11,500, tana gabanmu da awa 7. Ɗan kasuwar da ya kira abokin cinikinsa na can da azahar ɗinmu ya tarar tuni dare ya yi.

Ga mai niyyar ibada, wannan bambanci ya wuce zancen agogo. Mai tafiya gabas yana taryen rana ne, saboda haka lokutan salla suna riskarsa da sauri fiye da yadda ya saba. Haka nan akwai bambanci tsakanin wanda jirginsa zai sauka Jidda ya zarce Makka, da wanda zai fara sauka Madina. Na farko yana bukatar ya san hukuncin haraminsa tun kamin ya shiga jirgi, na biyu kuwa zai ɗaura nasa a Zul Hulaifa idan ya tashi barin Madina. Wajibi ne maniyyaci ya tambayi inda jirginsa zai sauka, sa'an nan ya tuntuɓi malaminsa.

Iska tana da nata rabo

Jirgin sama a cikin iska yake iyo, kamar yadda jirgin ruwa yake a kogin Isa: mai bin ruwa ya fi mai taryensa sauri. A can inda jirage ke bi akwai wasu manyan magudanan iska masu ƙarfin gaske. A lokacin ɗari, wata iska tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas bisa arewacin Afirka da ƙasar Larabawa, tana tura mai zuwa Jidda, tana kuma tare mai dawowa. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, wata ce ke fitowa daga gabas ta bi bisa Sahel, sai lamarin ya juya. Shi ya sa zuwa da dawowa ba safai suke cin lokaci ɗaya ba, ko da jirgin ɗaya ne, hanyar ma ɗaya. Tun da yake aikin hajji yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, abin da alhazan wata shekara suka gani ba lalle ne na shekaru goma masu zuwa su tarar da shi ba.

A ƙasa ma yanayi yana da ta cewa. Hazon hunturu yana rage gani har a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi wani gari, hadarin damina kuma yakan tilasta ma matuƙi yin kewaye.

Sama ma tana da iyakoki

Mutane da yawa suna zaton sama fili ce fetal, kowa ya bi inda ya ga dama. Ba haka abin yake ba. Kowace ƙasa ita ke da iko da samaniyarta, kuma jirage suna bin tsararrun hanyoyi ƙarƙashin jagorancin masu kula da zirga-zirga. A yankinmu hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke wannan aiki, kuma makarantarta ta EAMAC da ke Yamai ta horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka da dama.

Shekarar 2023 ta koya ma kowa wannan darasi har sau biyu. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka rufe samaniyar Sudan ana saura ƴan makonni a fara jigilar alhazai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na miƙaƙƙiyar hanyar Yamai zuwa Jidda a cikin Sudan yake. Dole jiragen Afirka ta Yamma suka nemi kewaye, ko ta arewa ko ta kudu. Kewaye kuwa kuɗi ne, domin babban jirgi irin Airbus A330 yana shan kimanin tan 6 na mai a kowace awa. A Nijeriya, kamfanonin jigila sun nemi ƙarin dalar Amurka 250 bisa kowane maniyyaci saboda wannan dalili. Nisan da ke bisa taswira bai ƙaru da taƙi ɗaya ba, amma lokaci da farashi sun ƙaru.

Darasi na biyu a gida ya faru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta hana jiragen kasuwanci zuwa Nijar, hanin da ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024. Hukumomin Yamai su ma suka rufe samaniyar ƙasa daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023. A wannan wata guda, jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka sun yi ta dogon kewaye, abin da ya nuna cewa samaniyar Nijar babbar hanya ce ta duniya. A watan Agustan nan kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai, cikin Satumba kuma gwamnati ta hana jiragen Faransa bi ta samaniyar ƙasar. Tafiyar Faris da ake yi cikin awa 5 da rabi ta koma ta yada zango. Wanda ya bi ta Kasabalanka ya yi kimanin kilomita 4,350, wanda ya bi ta Santambul kuwa ya haura 6,200.

Zango ya fi tafiya cin lokaci

Jiragen da ake ɗauko haya lokacin hajji su ne ke zuwa Saudiya kai tsaye. Mai zuwa umara ko sarin kaya a sauran watanni galibi sai ya sake jirgi a wani birni. Ta Adis Ababa da Ethiopian Airlines, hanyar ta zama kimanin kilomita 5,400, domin daga can zuwa Jidda akwai wasu 1,400. Ta Santambul da Turkish Airlines kuwa ta kai 6,400. Wato mutum ya yi nisan da ya isa ya kai shi Jidda, sa'an nan ya tarar da sauran tafiya a gabansa.

Amma ba ƙarin kilomita ne babbar asara ba, zaman jira ne. Jiran jirgi na biyu yana iya zama awa 2, yana iya zama dare sukutum. Wasu jiragen kuma sukan fara tsayawa wani birni na makwabta, kamar Wagadugu, su ɗauki fasinja kamin su miƙa. Tikiti biyu na iya bambanta da ƴan jikkuna kawai, alhali ɗaya zai kai mutum cikin rabin yini, ɗayan kuma sai ya kwana ya wuni. Akasin haka ma haɗari ne: idan tazarar da ke tsakanin jirage biyu ta yi ƙanƙanta, jinkiri kaɗan a Yamai ya isa ya sa mutum ya rasa na gaba, ko shi ya isa kayansa su kwana baya.

Lissafin mutumin Arewa

Yanzu bari mu dawo gida. Dogondutsi tana gabas da Yamai, wato ta fi babban birnin kusa da Makka da kimanin kilomita 200. Amma da yake jirgin daga Yamai yake tashi, sai maniyyaci ya juya ma alƙibla baya, ya bi babbar hanya ta ɗaya ta Kore Mairuwa da Doso da Birnin Gawre, tafiyar kimanin kilomita 275. Babbar motar fasinja takan yi awa 4 zuwa 5, idan aka haɗa da tsayawar Doso da shingayen bincike. Mutumin Tibiri ko Gecemi ko Dumega, ko na Dogonkirya da Sukukutan, sai ya fara fitowa bakin kwalta tukuna, da damina kuwa wannan kaɗai aiki ne. Bayan duk wannan wahala, jirgin da ya tashi zai shafe tazarar nan cikin kimanin minti 20. Ke nan kilomita 275 na farko suna cin lokaci kusan daidai da kilomita 4,000 na biye.

Wani zai ce, ai ga filin jirgin Birnin Kebbi da na Sakkwato nan kusa, can ƙetaren iyaka, kuma alhazan Nijeriya suna tashi daga can. Gaskiya ne sun fi Yamai kusa da Tibiri. Sai dai aikin hajji bisa kason ƙasa yake tafiya. Tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da ƙa'idar mutum ɗaya cikin kowane dubu, kuma a 2023 kason Nijar ya kusa kujera 16,000. Ɗan Nijar da fasfon Nijar yake tafiya, ta hannun hukumar COHO mai kula da hajji da umara, da kamfanonin jigilar da ta amince da su, waɗanda ake ce ma ajans.

A Yamai akwai karɓar takardu, da duba katin riga-kafin shawara da sanƙarau, da awon kaya, da jiran a kira sunan ayari, abin da sau da yawa kwanaki yake ɗauka. A Jidda akwai layin binciken fasfo a zangon alhazai da aka buɗe a 1981, sa'an nan tafiyar mota ta kusan kilomita 100 zuwa Makka. Tsakanin Makka da Madina kuma akwai kimanin kilomita 450, waɗanda jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini, da aka buɗe a 2018, yake yi cikin awa 2 da rabi, mota kuwa ta ninka haka. Idan aka tara duka, awoyin sama su ne ƙaramin kaso.

Yadda kakanni suka yi

Wanda ya ji wannan lissafi ya yi ƙorafi, ya tuna da mutanen da. Kamin zuwan mota da jirgi, mai niyyar hajji daga ƙasar Hausa yakan raba gado, ya yi sallama irin ta wanda ba ya sa ran dawowa. A ƙafa ko bisa jaki ake bi ta Kano da Barno da Wadai da Darfur, har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, a shiga jirgin ruwa. Ana tafe ana yada zango ana noma ko ƙodago don neman guzuri, tafiyar takan ci shekaru. Da yawa ba su isa ba, da yawa kuma ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 sun riƙe dubban mahajjata, kuma jikokinsu suna Sudan har yau suna jin Hausa.

Jirgin ƙasa da ya iso Al Ubayyid a 1912, da Niyala a 1959, tare da manyan motoci, sun mayar da shekaru watanni. Jirgin sama ya mayar da watanni awoyi. Nijar tana cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique a Yawunde a 1961, kamfanin da ya yi jigilar alhazan yankinmu shekara da shekaru kamin ya durƙushe a 2002. Daga nan nauyin tafiya ya tashi daga ƙafa ya koma aljihu. Ma'aikata da ƴan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga 50 zuwa 100, duk abin da ake biya da kuɗin waje ya ninka a dare ɗaya.

Hanyar lafiya

Akwai jinkirin da ya kamata fasinja ya gode ma Allah a kansa. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi samfurin DC-8 da Nigeria Airways ta ɗauko haya ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai. Ƴan mintoci bayan tashinsa ya kama wuta, ya faɗi kusa da filin, dukan mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma tashi ba a gyara ba don gudun makara. Makwabtanmu ne, kuma hanyarmu ce. Duk sa'ad da aka ce jirgi ya tsaya don a duba wani abu, a tuna da cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Wannan bai wanke masu sakaci ba. Jinkirin gyara daban, jinkirin rashin tsari daban. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiya. Saboda haka kamin mutum ya miƙa jikkunansa, ya nemi a rubuta masa amsar waɗannan tambayoyi: wane kamfani ne zai ɗauke shi, kai tsaye ne ko da zango, a wane gari kuma awa nawa, Jidda za a sauka ko Madina, kilo nawa aka yarje masa, kuma wa zai ɗauki nauyin kwana da ci idan jirgi ya makara. Ma'aikaci ya bar tazarar kwana 2 ko 3 tsakanin ranar dawowa da ranar komawa aiki, kada ya wayi gari da takardar tuhuma. Ɗan kasuwa kada ya yanka ma mai bashi rana bisa abin da tikiti ya nuna. Tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon suga su riƙe maganinsu a jakar hannu, domin jakar da aka auna ba ta dawowa hannun mai ita sai an sauka.

Su kuma hukumomi da ƴan ajans, abin da mutanen Arewa ke bukata gare su bai taka kara ya karya ba: a sanar da ranar tashi da wuri, a kuma tsaya kanta, don kada dattijon da ya taso daga Matankari ya cinye guzurinsa a Yamai yana jiran jirgi. Kilomita 4,000 ɗin nan ba mai iya rage su, iska da yaƙin wata ƙasa ba a hannunmu suke ba. Amma kwanakin da ke salwanta tsakanin Dogondutsi da matakalar jirgi, waɗannan a hannunmu suke.